Yadda Ake Haɗa Intakom a Get Ko Ƙofar Sito, Ya Riƙa Kiran Wayarka

Darasinmu na yau a kan intakom ne, wato na'urar da ake maƙalawa a jikin get ko ƙofa, baƙo ya danna, kai kuma ka gan shi, ka yi magana da shi, in ka ga dama ka buɗe masa ba tare da ka taso ba. Aikin da yaro yake yi idan aka tura shi cikin gida ya ce "wai ana sallama da maigida", shi wannan na'ura take yi. Bambancin shi ne, ita tana iya kai sallamar har wayar hannunka ko kana wani gari.

Ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Shagonsa yana ƙasa, siton da yake ajiye dilolin atamfa da shadda yana hawa na biyu ko a wani layin, gidansa kuma yana Fagge ko Kurna. Wuri uku ke nan, shi kuma mutum ɗaya ne. 'Yan dako sun kawo kaya sito, mai kawo ruwa yana buga get a gida, ga baƙin Nijar ko Chadi a shago ana ciniki. Irin wannan mutum shi ya fi kowa buƙatar intakom, kuma galibi ɗansa ko ƙaninsa da ya iya waya shi ake cewa ya haɗa. In kai ne wannan ɗan ko ƙanin, wannan darasi naka ne.

Haɗawar kanta ba ta da wuya. Abin da ke raba aikin da zai daɗe da wanda za a watsar bayan wata biyu tambayoyi biyu ne: me zai faru da ƙofar idan KEDCO ta ɗauke wuta, kuma asusun wa ke riƙe da na'urar? Ka riƙe su a ranka, za mu yi ta dawowa kansu.

Ire-iren intakom

Iri huɗu za ka fi cin karo da su.

Na farko, mai kebul sili huɗu. Kamara a waje, allo a ciki, kebul ya haɗa su. Ba ya buƙatar intanet ko data. Commax na Koriya ta Kudu ya yi suna da irin wannan, ga kuma na China barkatai. Wasu sababbin allunan suna da WiFi a cikinsu, don haka suna iya tura kira zuwa wayar hannu.

Na biyu, mai kebul ɗin kwamfuta, wato Cat6. Hikvision da Dahua sun fi yin sa. Hotonsa ya fi fita, kuma kebul ɗaya ne yake ɗaukar hoto da murya da wuta, ta hanyar fasahar da ake kira PoE. Iyakar tsawon kebul ɗin mita 100 ne. Shi ya dace da gidan sama mai shaguna ko ofisoshi da yawa.

Na uku, ƙararrawa mai WiFi, irin su Ezviz da waɗanda ke aiki da manhajar Tuya Smart ko Smart Life. Sun fi sauƙin haɗawa, wasu ma da batir suke aiki. Rauninsu shi ne, in babu intanet, wayarka ba za ta ji komai ba.

Na huɗu, mai layin waya. Ana saka masa sim, in an danna ya kira lambarka kamar kira na yau da kullum, ka danna wata lamba ƙofa ta buɗe. Yawancinsu murya ce kawai babu hoto, amma ko da ƙaramar waya mai maɓalli suna aiki.

Ga gida, shawarata ita ce mai kebul wanda allonsa yake da WiFi. Ranar da data ta ƙare, matan gida za su ci gaba da ganin mai sallama a allo, ranar da akwai data kai ma za ka gani daga kasuwa. Ga siton da ba kowa a ciki, allo ba shi da amfani, sai ka ɗauki mai WiFi ko mai sim.

Kafin ka je kasuwa

Ka auna tazarar get zuwa inda allon zai zauna. Ka bi bango da tef kamar yadda kebul zai bi, sannan ka ƙara mita biyar. Ka tsaya a bakin get, ka rufe shi, ka duba ko wayarka tana kama WiFi ɗin gida. Ƙyauren ƙarfe da katangar bulo suna cinye sigina sosai. In sanda ɗaya ka gani, ka manta da ƙararrawa mai WiFi, kebul za ka ja.

Kayan wuta ana samun su a Kasuwar Sabon Gari da shagunan France Road, rauta da MiFi da katin ajiya kuma a Beirut Road ko Farm Centre. Farashi yana bin dala, don haka ka taya a shago uku kafin ka biya. Abin da za ka saya:

Kamarar waje da allonta. Ka duba an rubuta IP65 a kwalin. Lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, 5 kuma tana nufin tana jure feshin ruwa. A garin da ke da ƙurar hunturu da ruwan Agusta, wannan ba ado ba ne.

Kebul na jan ƙarfe zalla. Akwai wanda alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, ya fi araha amma yana rage ƙarfin wuta, kuma yana karyewa. Ka kankare sili ɗaya da wuƙa a gaban mai shago. In cikin ya fito fari, ajiye masa kayansa. Kaurin 0.5 ya ishi tazarar da ba ta kai mita 50 ba, in ta wuce haka ka ƙara kauri kamar yadda littafin na'urar ya faɗa.

Fayif na roba da za a zura kebul, akwatin wuta mai bayar da bolt 12 wanda yake da gurbin batir, batirin kansa, da makullin lantarki in kana son buɗewa daga nesa.

Ka ce a kunna maka komai a shago. In na hannu ne, ka sauke manhajarsa nan take ka gwada ɗaura shi a asusunka. Na'urorin Hikvision, alal misali, asusun Hik-Connect ɗaya tak suke yarda ya mallake su. In tsohon mai ita bai cire ta ba, kwance ta zai ba ka wahala.

Zaɓen makulli

Nan ne tambayar wuta ta fi nauyi, domin makullan lantarki iri biyu ne, kuma halinsu kishiyar juna ne.

Makullin maganaɗisu yana riƙe ƙofa ne muddin yana samun wuta. Wanda aka fi sayarwa yana jure turin kilo 280. Amma da zarar wuta ta yanke, batir ya ƙare, ƙofa ta saki. An yi shi haka ne da gangan don mutane su iya fita in an yi gobara. Ka saka shi kaɗai a ƙofar siton da ke cike da leshi, ka bar kayan a hannun mai kawo wuta.

Ɗaya makullin mai harshe ne, kamar na ƙofar gida. A kulle yake kullum, sai an ba shi wuta na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya saki. In babu wuta yana nan a kulle, ana buɗe shi da mukulli daga waje, ko da maɓalli daga ciki. Shi ya dace da ƙaramar ƙofar get da ƙofar sito, kuma ba ya shan batir.

Amma fa da sharaɗi. Duk ƙofar da mutane ke zama a bayanta, dole na ciki ya iya buɗe ta da hannu, babu wuta, babu waya, babu neman mukulli. Mutanen Kano ba su manta da gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ba, wadda ta cinye dubban shaguna. Atamfa da yadi kuwa ba sa jiran wuta ta yi musu sallama. Sannan makullin lantarki na zirga-zirgar rana ne. In an tashi kasuwa, kwaɗo da sakata su koma mazauninsu.

Lissafin batir

Ka duba ƙarfin wat da aka rubuta a jikin kowace na'ura ka tara. Mu ɗauka allo wat 5 ne, kamara 3, rauta 6. Jimla 14. Ƙaramin batir mai bolt 12 da 7Ah, irin na cikin UPS, yana ɗauke da 12 sau 7, wato 84. Raba 84 da 14, ka sami awa 6. To amma irin wannan batir ba ya son a sauke shi ƙasa da rabi, in ba haka ba zai mutu da wuri. Awa 3 ke nan na gaskiya. Ƙara makullin maganaɗisu mai cin kusan wat 6, lissafin ya sauko awa 2.

Kwatanta wannan da tsawon lokacin da unguwarku take yi babu wuta, ka ga ko batir ɗaya zai isa. In gidan yana da inbata ko sola, a jona intakom da rauta a layinsu. Kada a manta da rautar. Intakom yana kunne rauta a mace, kira ba zai fita daga gida ba.

Mataki na 1: Gwaji a kan tebur

Kafin ka huda bango, haɗa komai da guntun kebul a kan tebur. Danna ƙararrawa, duba hoto, ji murya, gwada makulli. In wani abu ya ƙi aiki bayan an kafa, ka san laifin kebul ne ko haɗi, ba na'ura ba.

Mataki na 2: Wurin kamara

Tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa shi ne daidai fuskar mutum. Ka kafa ta a jikin ginshiƙin get, ba a kan ƙyauren da ake bugawa kullum ba. Ka guji sa ta tana kallon rana kai-tsaye. In get ɗin gabas yake kallo, da safe baƙar inuwa kawai za ka gani a madadin fuska, sai ka ɗan karkata ta ko ka yi mata rumfa. Rumfar tana kare ta daga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, wanda ke gajiyar da batir da roba. Ka kuma duba me kamarar take ɗauka. Ƙofarka za ta kalla, ba tsakar gidan maƙwabci ba.

Mataki na 3: Jan kebul

Kashe wuta tukuna. Ka zura kebul a cikin fayif daga get har ɗaki, saboda rana da ɓera. Kada ya bi fayif ɗaya da wayar wuta mai bolt 230, domin hakan yana sa ƙugi a murya da layi-layi a hoto. Bar tazarar kamar santimita 30 a tsakaninsu. Ka yi ƙoƙari kebul ɗin ya zama guda, babu haɗi a tsakiya. In dole sai an haɗa, a yi shi cikin akwati, a sama. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga shagunan Kantin Kwari a Agustan 2022 ba zai ajiye batir ko haɗin waya a ƙasa ba. Inda kebul ɗin makulli zai tsallaka daga bango zuwa ƙyaure, bar masa lanƙwasa a cikin bututu mai laushi a gefen da ƙyauren yake juyawa, don kada buɗewa da rufewa su tsinke shi.

Mataki na 4: Haɗa silin

A mai sili huɗu, ɗaya na wuta ne, ɗaya na komawar wuta, ɗaya na hoto, ɗaya na murya. Sau da yawa ja ne wuta, rawaya hoto, fari murya, amma kamfanoni suna saɓawa. Ka bi lambobi 1 zuwa 4 da ke bayan na'urar da zanen littafinta, ba launi kaɗai ba. Ɗauki hoton haɗin da wayarka kafin ka rufe. A mai Cat6 kuwa, ka soka kebul ɗin kamara da na allo a akwatin PoE, ka ja wani daga akwatin zuwa rauta.

Mataki na 5: Makulli

A bayan na'urar za ka ga haruffa uku: COM, NO, NC. Makunni ne kawai, ba ya bayar da wuta da kansa. Makulli mai harshe yana bi ta COM da NO, na maganaɗisu ta COM da NC. Wutar makulli ta fito daga akwatin bolt 12, kada ka ɗebo daga ta kamara. A saiti, sa lokacin buɗewa daƙiƙa 1 ko 2 ga mai harshe, domin doguwar wuta tana ƙona shi.

Ga wani rauni da masu haɗawa da yawa ba sa faɗa. In wannan makunni yana cikin kamarar waje, duk wanda ya kwance ta da sukuddireba ya haɗa silin biyu, ƙofa za ta buɗe. Don haka ka nemi samfurin da makunninsa yake jikin allon ciki, ko mai ƙaramin akwati daban da ake ɓoyewa a ciki. In babu, mai walda ya yi wa kamarar kejin ƙarfe, a ɗaure daga bayan ginshiƙi.

Duk abin da ya shafi jona akwatin wuta da layin 230, bar wa mai wayarin. Naka shi ne ɓangaren bolt 12 da saiti.

Mataki na 6: Haɗa shi da wayar hannu

Sauke manhajar da littafin ya ambata daga Play Store ko App Store: Hik-Connect ga Hikvision, DMSS ga Dahua, Ezviz, ko Smart Life. Kada ka karɓi manhajar da aka turo maka ta Xender.

Buɗe asusu da lamba ko imel ɗin mai gidan ko mai shagon. Ba na mai haɗawa ba, ba na yaron shago ba. Wannan asusu shi ne mukullin. In wani ne ya yi muku aikin, a ɗaura na'urar a wayar mai ita a gabansa kafin a biya kuɗin aiki.

Jona wayarka da WiFi mai 2.4GHz. Yawancin waɗannan na'urori ba sa ganin 5GHz, kuma wannan shi ne dalilin da ya fi sa haɗawa ta ƙi. Danna alamar +, ɗauki hoton lambar QR da ke jikin na'urar, saka kalmar sirrin WiFi, ka jira. Sannan ka saita lokaci zuwa GMT+1 don hotunan da aka ajiye su ɗauki sa'a daidai, ka saka katin ajiya ka goge shi daga cikin manhajar.

Idan kiran ba ya shigowa

Masu Tecno, Infinix, itel da Redmi sun fi kawo wannan kuka. Waɗannan wayoyi suna kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye don tattalin caji. Shiga saitin waya, nemo manhajar, ba ta izinin sanarwa, izinin tashi da kanta, da izinin data a ɓoye, ka kuma cire ta daga jerin waɗanda ake taƙaita wa batir. Bayan haka kulle wayar, kashe WiFi ɗinta, bar ta minti goma a kan data, ka sa wani ya danna ƙararrawa. In ta yi ƙara, aiki ya yi.

Batun data kuwa, bidiyo mai gudun megabit 1 yana cin megabait 7.5 a minti. Kira 20 a rana, kowane minti ɗaya, megabait 150 ke nan, wato gigabait 4.5 a wata, a layin rauta da kuma na wayarka. Ka rage ingancin hoto a manhaja in ya yi yawa, kuma ka kashe sanarwar motsi in ƙofar tana layi mai cunkoso irin na Kwari, in ba haka ba wayarka ba za ta huta ba.

Tsare asusun

Canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita tun ranar farko. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni suka saba sakawa, irin su admin da 12345, ta kame ɗimbin kamarori da rautoci. Ranar 21 ga Oktoban shekarar aka yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa. Na'urar da muke magana a kai ba hoto kawai take ɗauka ba, ƙofa take buɗewa.

Kada ka ba kowa kalmar sirrin babban asusu. Uwargida ko yaron shago, kowa ya buɗe nasa asusun, kai ka raba masa na'urar ta cikin manhaja. A wasu manhajojin kana iya ba mutum damar gani da magana ka hana shi buɗewa. Ranar da yaro ya bar aiki ko aka sallame shi ya buɗe nasa shagon, cire shi a ranar. Haka in akwai katin shiga ko lambar dannawa, a goge ko a canza. In wayar mai asusu ta ɓata, canza kalmar sirri daga wata wayar tun kafin a je karɓo layin.

Hotunan da na'urar ke ajiyewa fuskokin mutane ne. Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun Yunin 2023, ga kuma haƙƙin maƙwabtaka da muka taso da shi. In an yi sata, kai bidiyon ga shugabannin kasuwa ko 'yan sanda, kada ka watsa shi a WhatsApp kana zargin wanda ba ka tabbatar ba.

Gwajin ƙarshe

Kafin ka tattara kayan aiki, kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban makunni. Danna ƙararrawa. Allo ya kama? Waya ta yi ƙara? Yanzu cire batirin ma. Ƙofar a kulle take ko ta saki? Na ciki zai iya fita da hannu? Na waje yana da mukulli? Nuna wa duk mutanen gidan amsar da idonsu. Daga nan sai kula: a goge gilashin kamara da ƙyalle mai laushi duk sati a lokacin hunturu, a duba haɗin waya kafin damina, a maimaita gwajin batir duk bayan wata uku.

A darasi na gaba, in Allah ya yarda, za mu duba yadda ake haɗa intakom ɗaya ga gidan sama mai shaguna da yawa, kowane shago da nasa kiran. Sai mun haɗu.